Pete Rose da Shoeless Joe Jackson: wanda caca ta jawo wa kora ya cancanci shiga Zauren Gwarajen Besbol?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ina karatu a jihar Ohio ta Amurka, kuma tun da aka ɗage takunkumin da ke kan Pete Rose, abokan karatuna 'yan Cincinnati ba su da hira sai tasa. Ni dai ga yadda nake gani: mutumin nan ya rasu, ya yi shekara 35 a kore, ba a taɓa yin wanda ya kai shi yawan bugu ba, kuma ƙungiyarsa yake zuba wa kuɗi a kan za ta ci, ba a kan za ta faɗi ba. Ga shi hukumar wasan da kanta yanzu tana cin kuɗin talla daga kamfanonin caca. To me zai hana a saka shi, shi da irin su Shoeless Joe Jackson, a zauren gwarajen wasan? Ci gaba da hana su ba zalunci ba ne?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo da kai gida lafiya. Abin da kake tambaya shi ne: mutumin da aka kora daga wasa saboda caca, idan gwanintarsa ta kai ƙololuwa kuma ya riga ya koma ga Mahaliccinsa, ya dace a ba shi girmamawar da ta fi kowace a wannan wasa? Matsayina shi ne, tarihin abin da Rose da Jackson suka yi a fili haƙƙinsu ne, ba wanda ya isa ya goge, kuma daidai ne a bar masu zaɓe su duba lamarinsu. Amma da ina da ƙuri'a, ba zan ba ko ɗayansu ba. Ƙwallon ƙafa ne fagen da na fi daɗewa ina rubutu a kai, besbol kuwa na bi shi ne da rahoto da karatu, kuma ba na cikin masu zaɓen waɗanda ke shiga zauren, don haka ka ɗauki maganata a matsayin hujja da za ka auna.

Zauren, da abin da ake aunawa kafin a shiga

Zauren da Amurkawa ke kira Hall of Fame yana wani ƙaramin gari ne mai suna Cooperstown a jihar New York. An yi zaɓen farko a 1936, aka buɗe ginin a 1939. Ba mallakar hukumar MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, ba ne, gidauniya ce mai zaman kanta da nata shugabannin, kuma wannan bambanci zai yi mana amfani nan gaba. Gini ɗaya ne amma aikinsa biyu. Akwai gidan tarihi inda aka ajiye sanduna da riguna da takardun 'yan wasa, na kirki da na banza, kuma kayan Pete Rose suna ciki tun tuni. Akwai kuma falon allunan tagulla, inda ake kafa fuskar wanda aka zaɓa. Musun abokanka duk a kan allon nan ne. Cikin duk waɗanda suka taɓa buga babbar gasar, kusan ɗaya cikin ɗari ne suka samu.

Ƙungiyar marubutan besbol ce ke zaɓe na farko. Sai ɗan wasa ya buga aƙalla shekara 10, ya yi shekara 5 da ritaya, sannan ya samu kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'u. Wanda lokacinsa ya wuce a wurin marubuta, sai wasu ƙananan kwamitoci na mutum 16 su duba shi. Ƙa'idar zaɓen a rubuce take cewa a duba tarihin ɗan wasa da gwanintarsa, a kuma duba gaskiyarsa da halinsa da ladabinsa a wasa da abin da ya yi wa ƙungiyarsa. Ka ga ke nan tun daga tushe ba a ce lissafi kaɗai za a yi ba.

Inda dokar ta samo asali

A 1919 ƙungiyar Chicago White Sox ta kai gasar ƙarshe ta World Series, kowa yana ganin ita za ta ci, amma Cincinnati Reds ta doke ta wasa 5 da 3. Bayan shekara guda magana ta fasu cewa wasu 'yan wasan Chicago sun karɓi kuɗi daga 'yan caca don su faɗi. Mutum 8 aka ambata, ciki har da Shoeless Joe Jackson. A watan Agustan 1921 kotu ta sallami waɗanda aka gurfanar, amma Kenesaw Mountain Landis, alƙalin kotun tarayya da masu ƙungiyoyi suka naɗa kwamishina na farko mai shugabantar wasan saboda wannan rikici, ya kore su duka har abada ba tare da ya damu da hukuncin kotun ba. Kuma ba a kansu aka fara ba, shekarun da suka gabaci 1919 cike suke da jita-jitar cefanar da wasa. Wasan ne gaba ɗaya yake neman rasa yardar masu kallo.

A 1927 aka rubuta abin da yanzu ake kira Doka ta 21. Sashen da ya shafi caca ya kasa laifin gida biyu. Ɗan wasa ko alƙalin wasa ko ma'aikaci da ya zuba kuɗi a wasan besbol da ba shi da aiki a cikinsa, dakatarwar shekara ɗaya ce. Wanda ya zuba a wasan da yake da aiki a cikinsa, kora ce ta dindindin. Dokar ba ta tambayi ɓangaren da ya zuba wa ba, ba ta kuma tambayi nawa ya zuba ba. A liƙe take a ɗakin sauya kaya na kowace ƙungiya. Rose ya shafe shekaru fiye da 20 yana wucewa ta gabanta.

Rose: bajintar da laifin

Ba na so ka zaci ina rage masa komai. A besbol, bugu mai ƙirguwa shi ne wanda mai sanda ya doki ƙwallo ya kuma isa zango lafiya kafin a fitar da shi. Rose ya yi irinsa 4,256 tsakanin 1963 da 1986. A ranar 11 ga Satumban 1985 ya wuce Ty Cobb, wanda ya riƙe kambun fiye da rabin ƙarni. Ya buga wasa 3,562, ba wanda ya kai shi. An zaɓe shi cikin taurarin shekara sau 17, a gurabe daban-daban har 5. Ya ci World Series a 1975 da 1976 da Reds, ya ƙara ci a 1980 da Philadelphia Phillies. A 1973 shi ne gwarzon ɗan wasa a rukuninsu, a 1978 kuma ya jera wasa 44 ba wanda ya fita ba tare da bugu ba. Haifaffen Cincinnati ne, ba shi da wata baiwar jiki da ta fi ta saura, da naci ya kai inda ya kai. Shi ya sa abokanka ke son sa, kuma son nasu yana da dalili.

Daga 1984 ya zama kocin Reds, da farko yana bugawa yana horarwa. A 1989 hukuma ta sa lauya John Dowd ya bincike shi. Rahoton Dowd mai shafi 225 ya kawo bayanan waya da na banki da takardun caca da shaidar waɗanda ke kai masa kuɗi, ya nuna ya zuba kuɗi a wasannin Reds 52 a kakar 1987 kaɗai. A ranar 24 ga Agustan 1989 kwamishina Bart Giamatti ya sanar cewa Rose ya sa hannu ya amince da kora ta dindindin. Kwana 8 bayan haka Giamatti ya rasu da ciwon zuciya.

Abin da ya biyo baya shi ya fi nauyi a ma'aunina. Rose ya yi kusan shekara 15 yana rantsuwa a gaban jama'a cewa bai taɓa caca a kan besbol ba, magoya bayansa suna kare shi, suna zagin Dowd. Sai a 2004, a littafin da ya fitar don sayarwa, ya amsa cewa ya yi, amma ya ce sai da ya zama koci. A 2015 tashar ESPN ta fito da kwafin wani littafin ajiyar lissafi na wani tsohon abokin huldarsa, wanda ya nuna yana zuba kuɗi a 1986, lokacin yana buga wasa. A ƙarshen wannan shekarar kwamishina Rob Manfred ya ƙi mayar da shi, ya kuma bayyana cewa Rose da bakinsa ya faɗa masa har lokacin yana caca a kan besbol, ko da yake ta hanyar da doka ta halatta. Kowace gaskiya sai da hujja ta matse shi kafin ta fito.

"Ai ƙungiyarsa ya zuba wa"

Wannan ita ce hujjarka mafi ƙarfi a zukatan mutane, kuma a nan zan daɗe. Gaskiya ne, rahoton Dowd bai samu shaidar cewa Rose ya taɓa zuba kuɗi a kan Reds ta faɗi ba, kuma ba wanda ya taɓa nuna wasa guda ya ce ga wanda ya cefanar. Wannan giɓi ne a hujjar masu ra'ayina, ban ɓoye maka ba. Amma sai ka san yadda besbol yake kafin ka ga dalilin da dokar ba ta bambance ba.

Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, kusan kullum, wata 6. Babban aikin koci shi ne rabon ƙarfi. Hannun mai jifa yana gajiya, wanda ya yi jifa da yawa yau ba zai amfanu gobe ba, idan aka matsa masa kuma yana iya samun raunin da zai kashe masa sana'a. Koci nagari yakan haƙura da wasan yau idan ya ga ya kuɓuce, ya adana gwanayen masu jifarsa saboda sauran mako. Yakan hutar da ɗan wasan da ke ɗingishi ko da ana buƙatarsa. Yakan ba yaro sabon shiga dama ko da zai yi kuskure, saboda baɗi. To kocin da ya zuba dala dubu biyu a wasan daren yau, wane lissafi zai yi? Wasan yau ya zame masa na musamman, na gobe kuma da bai zuba ba ya zama na biyu. Ko da a ransa yana ganin adalci yake yi, kuɗinsa na zaune tare da shi a benci.

Sai kuma ranakun da bai zuba ba. A 2007 Rose ya ce kowane dare yana zuba wa ƙungiyarsa, amma Dowd ya ce bayanan sun nuna akwai masu jifan da idan su za su fara wasa ba ya zubawa. Ka yi tunanin dillalin caca da ke karɓar kuɗin kocin Reds kullum, sai yau ya ji shiru. An ba shi labari mafi tsada a kasuwar ba tare da an buɗe baki ba: kocin da kansa bai yarda da ƙungiyarsa yau ba. Shi kuma ya san abin da zai yi da wannan labari.

Sannan ga bashi. A wancan lokaci caca a kan wasanni haramtacciya ce a kusan duk Amurka, don haka da dillalan ɓoye Rose yake hulɗa, kuma rahoton ya nuna ana bin sa kuɗi masu yawa. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kocin da 'yan cacar ɓoye ke bi bashi, ranar da suka ce a biya su da wasa ɗaya, ba shi da bakin ƙi. Ban ce haka ta faru ba. Abin da nake cewa shi ne, daga ranar da ya shiga wannan hali, mai kallo ba shi da sauran hanyar sanin ba ta faru ba, kuma wannan rashin sanin shi ne ɓarnar. Kamar mai awo ne a kasuwar hatsi da aka gano yana da rabo a buhun da yake aunawa. Ko da mudunsa bai taɓa tauyewa ba, ba wanda zai sake saye hankali kwance, kuma zargin zai shafi sauran masu awo da ba su ji ba su gani ba.

Na ga ƙaramin samfurin wannan da idona. Na zauna a kwamitin ladabtarwa na wata gasar matasa ta ƙwallon ƙafa a gida, aka kawo mana wani koci da ya ɗaura kuɗi da magoya bayan abokan karawa a kan yaransa za su ci. Da muka tambaye shi, mamaki ma yake yi, yana cewa ai yarda ce da yaransa ta sa shi. Amma a wasan an ga ya bar wani yaro da ya gurɗe a idon sawu yana gudu har aka tashi, ga canji a benci bai yi ba, kuma yaron bai sake bugawa a gasar ba. Har yau na yarda kocin bai yi niyyar cutar da kowa ba. Kuɗin ne suka yanke shawara a madadinsa. Da aka zo zaɓen gwarzon koci a ƙarshen gasa, ƙungiyarsa ta fi kowa maki, muka bar mata makinta, amma ba mu ba shi kyautar ba.

Hukuma da kuɗin caca

A nan ina tare da kai har zuwa wani wuri. A watan Mayun 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 1992 da ta hana jihohi halatta cacar wasanni. Kafin shekarar ta ƙare MLB ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin MGM, daga baya wasu suka biyo. Yau tallar caca tana cikin sharhin wasa, tana jikin filaye, tana cikin wayar kowane matashi. Hukumar da a 1979 ta nisanta Willie Mays daga wasan, a 1983 ta yi wa Mickey Mantle haka, don kawai sun karɓi aikin tarbar baƙi a gidajen caca na Atlantic City bayan sun yi ritaya, ita ce yanzu take raba riba da irin waɗannan gidaje. Laifi tudu ne, hukumar ta taka nata tana hango na 'yan wasa. Wannan abin Allah wadai ne, kuma ina cikin masu faɗa.

Sai dai hujjar ba ta kai inda kake son kai ta ba. Idan caca ta yawaita a kewayen wasa, buƙatar katange waɗanda ke cikin fili ƙaruwa take yi. Dubi abin da ya faru cikin ɗan lokaci. A watan Yunin 2024 an kori Tucupita Marcano, matashi ɗan shekara 24, har abada, saboda ya zuba kuɗi sau 387 a kan besbol, ciki har da wasannin ƙungiyarsa ta Pittsburgh lokacin yana jinyar rauni. A farkon 2025 an sallami alƙalin wasa Pat Hoberg saboda ya yi tarayya a asusun caca da wani abokinsa mai zubawa a besbol. A watan Nuwamban 2025 gwamnatin tarayya ta gurfanar da masu jifa biyu na Cleveland, Emmanuel Clase da Luis Ortiz, bisa zargin shirya wasu jife-jife don 'yan caca su ci, zargin da suka musanta. A irin wannan zamani, idan aka kafa allon Rose, me aka gaya wa yaro irin Marcano? An gaya masa dokar tana kan wanda bai yi suna ba. Munafuncin hukuma dalili ne na a matsa mata ta rage hulɗa da kamfanonin caca. Ba ya wanke wanda ya karya dokar da ya sani.

Ka lura kuma ba duk wanda caca ta taɓa nake haɗawa wuri ɗaya ba. Mays da Mantle ba su zuba kuɗi a wasan da suke ciki ba, hukuncin da aka yi musu ya wuce kima, kuma kwamishina Peter Ueberroth ya yi daidai da ya janye shi a 1985. Leo Durocher, kocin da aka dakatar a kakar 1947 bisa dalilan da suka haɗa da hulɗa da 'yan caca, ya shiga zauren a 1994, ban ga aibu ba. Layin yana kan mutumin da aka damƙa wa wasa ya sa kuɗinsa a ciki.

Abokanka za su ce maka zauren cike yake da waɗanda suka fi Rose munin hali. Suna da gaskiya. Cap Anson yana ciki, alhali ya taka rawa wajen korar baƙaƙen fata daga wasan. Landis da kansa yana ciki, ga shi a zamaninsa ƙofar ta zauna a rufe ga baƙar fata, har a 2020 aka cire sunansa daga kyautar gwarzon shekara. An zargi Ty Cobb da Tris Speaker a 1926 da hannu a wani wasan 1919 da aka ce an shirya, Landis ya wanke su, dukansu suna ciki. A wajen Allah wariyar launin fata ba ƙaramin zunubi ba ne, kuma ba zan ce caca ta fi ta muni ba. Amma kuskuren masu zaɓen da suka wuce bai zama wajibi a kan na yanzu ba. Kuma laifin caca yana da wata siffa ta daban: allon tagulla shaida ce cewa abin da mutum ya yi a fili na gaske ne, shi kuma wannan laifi kai tsaye gaskiyar filin yake taɓawa.

A ƙwallon ƙafa da ka fi sani, an dakatar da Paolo Rossi na Italiya shekara 2 a badaƙalar cacar 1980, duk da ya yi ta musantawa, ya dawo ya ci ƙwallo 6 a Kofin Duniya na 1982, ya ɗauki Ballon d'Or. A nan gida, FIFA ta kori Samson Siasia har abada a 2019 kan batun cin hancin shirya wasa, kotun wasanni ta duniya ta mayar da hukuncin shekara 5 a 2021. Wani zai ce me ya sa besbol ba za ta yi irin wannan sassauci ba. Ana iya musu a kan ko kora ta dindindin ta yi tsauri, kuma musu ne mai kyau. Amma Ballon d'Or kyautar kaka ɗaya ce. Allon Cooperstown hukunci ne a kan rayuwar mutum gaba ɗaya a wasan.

Mutuwa, da abin da ta canza

Rose ya rasu ranar 30 ga Satumban 2024 yana da shekara 83. 'Yarsa ta shigar da roƙo, Shugaba Donald Trump ma ya sa baki a fili. A ranar 13 ga Mayun 2025 Manfred ya yanke cewa kora ta dindindin tana ƙarewa ne da mutuwar wanda aka kora, tunda mamaci ba zai iya cutar da wasan ba. Mutum 17 abin ya shafa, ciki da Rose da 'yan Chicago 8 ɗin nan.

Na yarda da wannan hukunci, duk da ban ji daɗin yadda siyasa ta shiga ciki ba. Kora katanga ce, kuma ba a katange wanda ke kabari. Mu ma tarbiyyarmu ita ce a kame baki daga aibata mamaci, a bar shi da Ubangijinsa. Amma ɗan'uwa, kame baki daban, kiran taro a ɗaga mutum a ce wa yara ga abin koyi daban. Yafiya haƙƙi ce da muke fata ga kowa. Karramawa kuwa ba a bin kowa bashinta. Rashin allo bai rage wa Rose bugu ko ɗaya ba, sunansa na saman jerin, kayansa na gidan tarihin, Reds ta saka shi a nata zauren a 2016 ta kuma jingine lambarsa ta 14, a 2017 aka kafa gunkinsa a ƙofar filin Cincinnati. Wanda aka yi wa wannan ba a shafe shi daga tarihi ba. Masu zaɓe kuma ba za su iya kawar da kai daga sauran abubuwa ba: wata 5 da ya yi a kurkuku kan haraji bayan hukuncin 1990, da rantsuwar da wata mata ta gabatar a kotu a 2017 cewa ya yi hulɗa da ita tun ba ta kai shekara 16 ba, shi kuma ya amsa hulɗar amma ya ce a saninsa ta kai. Wannan ne ya sa Phillies ta fasa karrama shi a shekarar.

Inda nake ganin an yi masa ba daidai ba shi ne a watan Fabrairun 1991, lokacin da shugabannin zauren suka kafa sabuwar ƙa'ida cewa duk wanda ke jerin korarru ba zai shiga takara ba. An yi ta ne ana dab da sa sunansa a takardar zaɓe, kowa ya san don shi aka yi. Lokacin da ya sa hannu a 1989 babu wannan ƙa'ida. Da an bar marubutan da suka gan shi da idonsu su yi hukunci, kamar yadda aka bar su da Barry Bonds da Roger Clemens, waɗanda zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari ya sa suka kammala shekara 10 a takarda a 2022 ba su kai kashi 75 ba, da amsar ta fi ƙarfi ko wacce iri ce.

Jackson da Weaver

Lamarin Jackson ya fi taɓa zuciya. Ɗan talakawa ne daga South Carolina, ya shiga aikin masaƙa tun yana yaro, bai iya karatu da rubutu ba. Cikin kowane zuwa bugu dubu yakan ci 356, ɗaya daga cikin mafi girma a tarihi. A gasar 1919 ɗin ma ya yi bugu 12, shi ya buga ƙwallo ɗaya tilo da ta fice daga fili, ba a rubuta masa kuskure ko ɗaya ba. Amma a 1920 ya shaida wa masu taimaka wa kotu bincike cewa an yi masa alkawarin dala 20,000, ya karɓi 5,000. Daga baya ya ce bai tauye wasansa ba, ya rayu yana faɗin haka har ya rasu a 1951. Ko da na gaskata shi, ya riƙe kuɗin cefanar da World Series, ya kuma shiga fili yana sane abokansa na faɗuwa da gangan. A wajena laifinsa ya fi na Rose girma, uzurinsa kuma ya fi na Rose yawa. Kuma shi ba a rufe masa ƙofa ba kafin 1991, ya samu ƙuri'a 2 kacal a zaɓen 1936, daga mutanen da suka san zamanin.

Wanda ya fi damuna shi ne Buck Weaver, shi ma ɗaya daga cikin 'yan Chicago 8 ɗin. Ya halarci zaman da aka tattauna cefanar da gasar, bai karɓi kuɗi ba, ya buga da gaske, laifinsa shi ne bai tona abokansa ba. Ya yi ta neman a wanke shi har ya rasu a 1956. Hukuncinsa ya yi nauyi, ya cancanci a tsabtace sunansa tun yana raye, ko da gwanintarsa ba ta kai ta allo ba. A kansa ne nake jin tsaurin Landis ya haɗa da wanda bai kamata ba.

Yanzu maganar tana hannun kwamitin da ke duba waɗanda suka yi tashe kafin 1980, wanda zai zauna a watan Disamban 2027. Sai wani kwamitin tantancewa ya fara sa sunan mutum cikin 8 da za a gabatar, sannan ya samu ƙuri'a 12 cikin 16, a kafa allonsa a 2028. A cikin masu zaɓen akwai tsofaffin 'yan wasa da suka riga suka shiga zauren, da jami'ai, da marubuta da masana tarihi. Ina goyon bayan a sa sunan Rose da na Jackson a takardar, a yi musu a fili, kowane mai zaɓe ya tsaya a kan ƙuri'arsa. Ina kuma fata gidan tarihin zai ware musu wuri mai faɗi, a ajiye sandar bugu na 4,192, wanda Rose ya wuce Cobb da shi, kusa da rahoton Dowd, a ajiye lissafin Jackson na 1919 kusa da shaidarsa ta 1920, mai ziyara ya ga duka biyun. A kan allon tagulla dai, tawa ƙuri'ar a'a ce ga su biyun.